Layin da Ba Wanda Ya Soke

Saura wata huɗu in ajiye aiki aka kawo mana Lauya. Yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, siririya, ba ta da hayaniya, duk inda za ta tana riƙe da gorar ruwanta. Daga ma'aikatar shari'a aka aro ta, saboda gwamnati ta ce Manufar Ƙasa kan Sauyin Yanayi, wadda muka shekara ashirin da biyu muna bugawa muna sake bugawa, ta isa ta daina zama shawara ta koma doka. Ni ce mai buga takardu a sashenmu tun zamanin tafireta, don haka babu daftarin manufar nan da bai bi ta ƙarƙashin yatsuna ba. Kowa a ofis Mama yake ce mini, har Darakta, wanda na girme shi da shekara goma sha ɗaya.

Ba ta rufa mako ba aka laƙaba mata Ina-Tushe. Ta raba takarda gida uku: ga sakin layi, ga abin da yake cewa, ga inda ya samo asali. Ta ce 'yan majalisa ba sa wasa, duk layin da aka kasa faɗin zaman da ya haife shi ko rahoton da aka ciro shi, nan za su sa masa wuƙa, su kuma fake da shi su ɓata sauran. Gara mu cire shi da hannunmu tun a gida. Mutane suka riƙa sauya hanya in sun hango ta a baranda. Ni kuwa yarinyar ta burge ni, don na daɗe ban ga mai karanta takarda har ƙarshe ba.

Ranar Litinin da hantsi ta jawo kujera ta zauna a gefen teburina, ta ajiye mini takarda ɗaya.

“Mama, sakin layi ɗari da arba'in ne, na samo wa ɗari da talatin da tara iyayensu. Wannan marayan ne ya gagare ni, na goma sha bakwai. An ce mini in dai takarda ta taɓa shigowa ginin nan, kin san inda ta kwana. Ki taimaka ki duba mini zuwa Alhamis. In babu, dole ya fita.”

Ba sai na karanta ba, na haddace shi, amma na sa tabarau don hannuna ya sami abin yi. Cewa yake duk ranar da hukumar hasashen yanayi ta sanar zafi zai kai maki arba'in, masu aiki a fili za su dakata daga ƙarfe sha biyu zuwa uku, kuma wanda ya ɗauke su aiki shi zai tanadar musu inuwa da ruwan sha, ba tare da ya taɓa albashinsu ba. Na ce mata to, zan duba. Na san tushen layin nan sarai, ba a fayil yake ba, a kan kujerata yake zaune.

Ga yadda aka yi. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, wata Laraba aka sanar da mu cewa minista zai tafi taron ƙasashen duniya ranar Asabar, kuma ba zai je hannu rabbana ba, da manufar ƙasa zai tafi. A lokacin ba mu da wata manufa, ko kalmar ba mu saba da ita ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a ofishinmu sai ranar muke zuwa neman gorar. Daraktanmu na wancan lokaci, wanda muke kira Jan Biro, Allah ya ji ƙansa, ya tara mutum huɗu suka kulle kansu a ofis. Suka fito da shafi tara na rubutun hannu: a dasa itatuwa, a daina sare itatuwa, a koya wa mata murhun da ba ya cin itace. Iyakar abin da ƙasa ta sani ke nan a wancan zamani, kuma ba laifi.

A wannan makon ne Maigida ya faɗi. Leburan titi ne, cikin masu bin bayan motar kwalta da manjagara suna baza ta tana tururi. Ranar Alhamis wani abokin aikinsa ya shigo har ofishinmu, wandonsa duk kwalta, ya ce in zo asibiti. Na tarar da shi bai san wanda yake kansa ba, ana ta ɗura masa ruwa leda bayan leda. Likita ya ce zafi ne ya dafa shi daga sama da ƙasa, kuma ƙodarsa ta taɓu, in ya tashi sai an lallaɓa ta har ƙarshen rayuwa. Da yamma helmansu, wato shugaban leburorin, ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce in ya farfaɗo a gaya masa ya hanzarta, titi ba ya jiran kowa. Har yau in na tuna fuskarsa raina yana ɓaci.

Washegari daga asibitin na wuce ofis, idona kamar garwashi, na ɗora takarda a tafireta. Ina isa shafi na bakwai sai na ga a kan zafi yake magana. An lissafa illarsa ga amfanin gona, ga shanu, ga kaji. Kaji fa. Na koma na sake karantawa ko na tsallake wani layi, ban ga ɗan'adam ba. Ban tsaya shawara da zuciyata ba, na sauka layi na buga: “A duba halin masu aiki a cikin rana, a ba su hutu idan ta take.” Na ci gaba da shafi na takwas kamar ban yi komai ba.

Ka'idar ofishinmu mai sauƙi ce, kuma har yau ita ake bi. Mai bugu ta buga, babba ya bi da jan biro. Abin da ya soke ya mutu, abin da bai soke ba ya rayu, kuma in an tashi sabon daftari mai bugu ita ke ɗauko shi ta kai gaba. Duk wanda ya yi gyara zai sa haruffan sunansa da kwanan wata a gefen shafi. Na san Jan Biro ba ya barin ko waƙafi, don haka na sa rai zai soke layina, ya kira ni ya wanke ni tas, ni kuma in sami wanda zan yi wa kuka. Amma ranar a tsaye ya karanta, direban minista yana ta danna masa ham a ƙasa. Ya gyara wata kalma layi biyu sama da nawa, ya sa hannu, ya fita da gudu. Haka layina ya hau jirgi ya tafi taron duniya, ni ko tashar jirgin ban taɓa zuwa ba.

Na yi wata guda ina jiran takardar tuhuma. Shiru. Minista ya dawo, aka ɗora manufar a kan kanta, aka shiga wata sabgar. Maigida ya tashi, amma bai koma titi ba, ya koma gyaran rediyo da fanka a ƙofar gida. Ban gaya masa abin da na yi ba. Da farko tsoro ne ya hana ni, daga baya kuma abin ya tsufa, na rasa ta inda zan ɗauko shi.

Bayan shekara bakwai aka ce manufar ta yi wa ƙasa kaɗan, aka ɗauko wani Farfesa ya jagoranci kwamiti na biyu. Shi ne ya shigo mana da zancen hayaƙin da ke ɗumama duniya, da taswira, da jadawali, shafi tara ya koma tamanin da shida. Kamar yadda aka saba, aka ce in sake buga tsohon rubutun da tazara don su sami wurin gyara. Da na iso layina sai da na ɗaga hannu daga kan madannai, lokacin mun koma kwamfuta. Babu wanda zai lura in na bar shi a baya. Amma ka'ida ta ce abin da ba a soke ba a kai shi gaba, ni kuma ranar na zama mai bin ka'ida sosai.

Ina zaune a kusurwar ɗakin taro ina ɗaukar bayani Farfesa ya iso wurin. Mutumin nan ba ya iya ganin jimla babu lamba ya ƙyale ta. Ya ce tunanin yana da kyau amma ba shi da ƙashi, rana ta take a maki nawa? Ya zare biro ya rubuta arba'in. Sannan ya yaba wa hangen nesan kwamitin farko. Akwai wani dattijo a wurin, shi kaɗai ya rage cikin mutum huɗun da suka kulle kansu da Jan Biro. Sai ya gyara zama, ya ce ai sun sha muhawara a kan wannan layin kafin su cimma matsaya. Na sunkuyar da kai na yi kamar biro ne ya faɗi mini.

Kwamiti na uku ya zauna ne bayan shekarar da ambaliya ta ci unguwanni, zafi kuma ya biyo baya ya cika asibitoci. Wannan karon ba manya kaɗai aka kira ba. An gayyato manoma da masunta da masu haɗa fitilar hasken rana, har da wata mata shugabar ƙungiyar masu sharar titi, mai murya kamar ta mutum uku. A kan layina ita da wakilin 'yan kwangila suka yi awa biyu suna fafatawa. Shi ya ce aiki zai tsaya, ita ta ce in bai yarda ba ya bi ta gobe da tsakar rana, za ta ara masa tsintsiya. A nan aka sa sha biyu zuwa uku, aka sa inuwa da ruwa, aka sa kada a taɓa albashi. Na fito daga ɗakin taron na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na buga.

To amma shawara shawara ce. Wasu ma'aikatun gwamnati sun bi, wasu kamfanoni sun bi don kunya, yawanci ko a jikinsu. Mijin 'yata ta fari kafinta ne mai rufin kwano, kuma duk ranar da rana ta buɗe sai na ga hotonsa a raina yana durƙushe a kan kwano. Sai yanzu da abin zai zama doka, mai ƙin bi ya fuskanci alƙali, sai yanzu ne za a cire layin don ba shi da uba. In na yi shiru ya fita. In na yi magana, na tona wa kaina asiri ina gab da fita da mutuncina, kuma wa zai bar layin da mai bugu ta cusa cikin fushi? Ta ko'ina na duba, layin ne zai mutu.

Ranar Talata na shiga ɗakin fayil da sunan nema. Ɗaki ne mai taga ɗaya da fanka mai kuka, kabad-kabad na ƙarfe sun jeru har rufi, ga warin tsohuwar takarda. A can ƙurya tsohuwar tafiretata take, lulluɓe da zanen da ni na rufa mata. Ban yi niyya ba, amma sai ga ni na yaye zanen. A ƙasan wani kabad akwai ragowar takardun wancan zamani, sun yi ruwan ƙasa daidai yadda ake so. Jan Biro ya rasu, dattijon nan ma ya bi shi. Layi huɗu kawai zan buga, in ce a zaman ranar kaza an amince a ƙara batun masu aiki a rana, in zura takardar a igiyar fayil, shi ke nan maraya ya sami uba. Na san salon rubutun Jan Biro fiye da matarsa.

Na naɗa takardar, na buga kwanan wata. Ƙarar madannan ta cika ɗakin, har na waiga ƙofa. Sai na zauna ina kallon layin nan guda. Wancan karon abin da na buga gaskiya ne, izini ne kawai ban nema ba. Wannan kuwa ƙarya ce zalla, kuma a bakin mamaci zan sa ta, mutumin da bai taɓa cuta mini ba. Ban da haka, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Ina-Tushe irin mutanen nan ne da za su tambayi dalilin da ya sa ramin igiyar takardar bai yi tsatsa kamar na 'yan'uwanta ba. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, da tsoron yarinyar a ciki. Na zare takardar na yayyaga, na mayar wa tafireta zanenta.

Ranar Laraba da safe na buɗe kabad ɗina na ƙasan tebur, wanda makullinsa ke cikin jakata. Doka ta ce da zarar an buga tsaftataccen kwafi a ƙona daftarin da aka yi wa gyara. Ni ban taɓa iya ƙona rubutun hannun mutum ba, don haka wannan ma wani laifin ne da na tara. Na ɗauko shafi na bakwai na rubutun Jan Biro, da wanda na buga, don ta ga bambancin da idonta. Da na ga daftarin kwamiti na biyu da na uku a ƙarƙashinsu sai na haɗa duka, na ce in za a yanka ni a yanka ni gaba ɗaya.

Na same ta a ɗan ofishin da aka ba ta, wanda dā wurin ajiye kujeru ne. Na tura ƙofa na rufe, na ƙi zama.

“'Yata, na samo miki tushen. Ni ce.”

Ta ɗago ta dube ni, ba ta gane ba. Na shimfiɗa mata shafukan biyu gefe da gefe, na ɗora yatsa a inda layin yake a ɗaya, da inda babu shi a ɗayan. Na ba ta labari tun daga wandon mai kwalta har zuwa ham ɗin direba, ban rage komai ba, har zancen tafiretar jiya. Na ce mata ni a yi mini duk abin da za a yi, amma in da wata dabara da za a bar layin, ta taimaka.

Ta buɗe gorarta ta sha ruwa, ta rufe, sannan ta miƙo hannu ta jawo sauran takardun da ban ma nuna mata ba. Ta buɗe na Farfesa, ta bi jan rubutun da yatsa har gefen shafi inda ya sa haruffan sunansa da kwanan wata. Ta buɗe na uku, wanda gyara ya yi masa yawa har sai da aka liƙa ƙarin takarda, hannu biyar daban-daban, kowanne da alamarsa. Ta tambaye ni ko waɗannan su ne na asali. Na ce su ne. Ta tambaya me ya sa ba sa cikin fayil. Na ce don an ce a ƙona su. Sai na ga ta jingina da kujera ta rufe ido, na ce shi ke nan, ta gama da ni.

“Mama, kin san wahalar da na sha? Bayanan zaman nan ba abin da suke cewa sai ‘an yi gyare-gyare a sashe na uku’. Mako biyu ina neman wanda ya taɓa layin nan.”

“Amma ai ba su suka fara shi ba.”

“Ni ba wanda ya fara faɗinsa nake nema ba, wanda ya amince nake nema. Kowace doka a duniya wani ne ya fara faɗinta, wata ma a bakin rijiya. Kwamiti ba ya gyara abin da bai karɓa ba. Ga biyu nan sun gyara, sun sa hannu, da kwanan wata. Kaf manufar nan babu layin da ya kai wannan iyaye.”

Sai lokacin na nemi kujera. Wato halin manyanmu na rashin iya barin jimlar wani yadda suka same ta, halin da ya sa na sake buga shafi ɗaya sau goma ina tsaki, shi ne ya ceci layin. Na yi wata ajiyar zuciya da ban san tun yaushe take maƙale ba, har na ji kunya.

Ta bar ni na huce, sannan ta ce akwai saura. Ita ba za ta rubuta ƙarya a gidan asali ba, kuma ba za ta ɓoye wa Darakta ba, don shi zai sa hannu. Na ce na sani. Wannan bai dame ni kamar yadda na zata ba. Tun da layin ya tsira, sauran duk mai sauƙi ne.

Ranar Alhamis muka shiga wurin Darakta tare. Mutum ne mai gudun fitina, in ya ga matsala tana tahowa sai ya tuna yana da taro a wani wuri. Lauya ta ajiye masa jadawalinta. A gaban na goma sha bakwai ta rubuta cewa ya faro ne daga shawarar wata ma'aikaciyar sashe, kwamiti na biyu da na uku suka gyara suka amince, ga shaida a haɗe. Ya tambaya wace ma'aikaciya. Ta ba shi labari a taƙaice, ni kuma ina tsaye ina kallon kalandar bango. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya jawo daftari na uku. Can cikin hannu biyar ɗin nan ya tsaya a kan ɗaya. Nasa ne, lokacin yana ƙaramin jami'i, shi ya ƙara kalmar inuwa. Ni na san ma har a takardar neman ƙarin girmansa ya ambaci wannan gudummawar, don ni na buga masa ita.

“Mama, akwai wani kuma? Ki gaya mini tun yanzu.”

“Shi ke nan, ranka ya daɗe. Guda ɗaya ne.”

“A shekara ashirin da biyu?”

“Sau ɗaya raina ya ɓaci haka.”

Ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya ƙi. Ya ce ka'ida ta wajabta masa ya ja mini kunne, don haka ga shi yana ja: kada in sake. Na ce in sha Allahu a wata huɗun da suka rage zan kiyaye. Ya ce kuma duk takardun da ke cikin kabad ɗin nan nawa in kwaso su a kai ɗakin fayil a yi musu lamba, kada wanda ya kuskura ya ƙona ko ɗaya. Ya sa hannu. Da muka fito baranda na kama hannun Lauya na ce mata Allah ya yi mata albarka. Ta ce amin, sannan ta tambaye ni ko na san inda rahoton ambaliya na biyu yake.

Da yamma na sauka daga mota a bakin layinmu, jikina sakayau kamar na sauke tulu. Na tarar da Maigida a ƙofar gida ya kwance wata fanka, ya jera ƙusoshinta a murfin gwangwani. Ya dube ni ya ce Sakatariya yau da fara'a aka dawo, ko an ƙara girma ne? Haka yake kirana in yana son tsokana. Na jawo benci na zauna kusa da shi, ko jaka ban ajiye ba, na ba shi labarin da na riƙe shekara ashirin da biyu. Tun ina tsakiya ya ajiye sukundireba. Da na zo wurin kaji ya yi dariya har da tari, da na zo wurin helma dariyar ta ɗauke. Da na gama ya daɗe yana juya wata ƙusa a hannu, idonsa ya kaɗa, sannan ya ce in karanta masa yadda layin ya koma yanzu. Na karanta masa da ka, a hankali.

“Sha biyu zuwa uku,” ya maimaita.

“Eh. Kuma doka zai zama, ba roƙo ba.”

“Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ni sha ɗaya da kwata na faɗi.”

Na dube shi. Ya ce bai manta ba, don ya tambayi direban motar danne kwalta lokaci, ya ce masa sha ɗaya da kwata, daga nan bai sake sanin inda kansa yake ba. Ya ce kwalta ba ta jiran sha biyu, kwano ma haka, in ina shakka in tambayi surukinmu. Duk shekarun nan ban taɓa tambayarsa ba. Farfesa bai tambaye shi ba, kwamiti bai tambaye shi ba, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ma ban tambaye shi ba.

Na yi zaton abin zai ɓata mini farin cikina, sai na ji bai ɓata ba. Layin yana nan da ransa, kuma abin da yake da rai ana iya gyara shi. Na ce masa kafin majalisa ta zartar sai ta kira jin ra'ayin jama'a, kowa yana iya rubutawa da sunansa, ba sai ya ɓuya a shafi na bakwai ba. Shi ya faɗi a titi, shi zai faɗa musu lokacin. Ya ce shi da ko wasiƙa bai iya tsarawa ba? Na ce ya faɗa da baki, ni zan buga.

Ya ɗauki sukundirebansa, ya ɗan yi tunani, sannan ya nuna ni da ita.

“To na yarda. Amma abin da na faɗa kawai za ki buga, Sakatariya. Kada ki ƙara komai.”